Wai da gaske wata 11 bayan haihuwa Clarisse ta ci kofin duniya na judo?

Maman Ilham:
Salam jama'a. Dan Allah masu bin wasan judo ku taimaka min, ƙanwata ce take yi a makarantarsu, jiya ta nuna min bidiyon wata 'yar Faransa Clarisse Agbegnenou ta ci wasa ta ɗauko jaririya tana zagaya fili da ita. Ta ce wai wata 11 ne tsakanin haihuwarta da cin kofin, ni kam na kasa yarda, don ni da na haifi Ilham na fi shekara kafin bayana ya daina ciwo, balle a ce in ɗaga mace mai kilo 63 in buga da ƙasa. Gaskiya ne ko ƙari aka yi?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikissalam Hajiya, ba ƙari. A watan Yunin 2022 ta haifi 'yarta, a Mayun 2023 ta ci gasar duniya a Doha, ta doke Andreja Leški 'yar Slobeniya a wasan ƙarshe. Kuma wannan ne na shida fa, ta ci a 2014, 2017, 2018, 2019 da 2021, duk a ajin kilo 63. Iyayenta asalinsu 'yan Togo ne, a Rennes aka haife ta a 1992, bakwaini ce ita da ɗan'uwanta tagwaye, har aikin ƙoda aka yi mata tana jaririya. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gasar Olamfik ta Rio 2016, Tina Trstenjak ta kada ta a fainal ta dawo da azurfa, ta jira shekara 5 cur, suka sake haɗuwa a fainal ɗin Tokyo ta rama, ta gama ta rungume Tina har da ɗaga ta sama.

Aunty Bilki:
Maman Ilham kar ki haɗa jikinki da nata, wannan tun tana shekara 9 take kan tabarmar judo kuma tana da likitoci da masu horarwa a bayanta. Amma duk da haka wlh ba ƙaramin abu ba ne, duk wadda ta yi jego ta san yadda ƙugu da mara suke sakewa, judo kuma duk ƙarfinta a ƙugu yake, da shi ake juya mutum. Ga awon nauyi kafin wasa, in kin haura 63 ba ki ba shiga, ga ta tana shayarwa, mai shayarwa kuwa ba ta wasa da ci da sha. Da yarinyar take zuwa atisaye, a Doha ma tsakanin wasa da wasa tana ba ta nono a wajen ɗumama jiki. Wannan ya fi zinaren burge ni.

Kocin Unguwa:
To amma a faɗi duka. A Olamfik ɗin Paris 2024 a gidansu, Leški ɗin nan dai ita ta fitar da ita a wasan kusa da ƙarshe, tagulla ta samu, sai zinaren ƙungiya da suka ci Japan. Minti 4 ne wasan, waza-ari ɗaya (makin kayarwar da ba ta kai a tashi wasa nan take ba) ya isa ya raba ki da fainal.

Aunty Bilki:
Koci tagullar Olamfik da 'yar shekara 2 a hannu ai ba faɗuwa ba ce.

Maman Ilham:
Na gode sosai. Ƙanwar tawa Baba ne yake cewa ta bari wai kokawa ba ta mata ba ce, zan kai masa bidiyon nan ranar Juma'a in sha Allah, na Tokyo da na Doha duka.