Taya ta yi faci a hanya kuma babu mai faci kusa: yaya ake yi?

Sabuwar Direba:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana mota. Idan taya ta yi faci a babban titi, kamar tsakanin Kano da Zariya, yaya ake canza ta ba tare da motar ta zame daga kan jak ba? Corolla ce 'yar Kwatano, kuma safayar da ke cikin but siririya ce. Za a iya doguwar tafiya da ita?

Bakanike:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yawancin faɗuwar mota daga kan jak, tun daga wurin tsayawa ake jawo ta. Ki sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, ki nemi ƙasa mai tauri wadda ba gangara. Ja hambirki, sa giya a P, in kuma manuwal ce a giya ta ɗaya, kashe inji, kowa ya fito. Sai ki tokare tayar da ke kusurwar da ke kallon wadda ta yi facin da dutse gaba da baya: in ta gaba ta dama ce ta sace, ki tokare ta baya ta hagu. Hambirki tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, shi ya sa dutsen nan ba a wasa da shi.

Notuna kuma tun taya na ƙasa ake sassauta su, rabin zagaye kowanne, ana juyawa hagu. Wanda ya ɗaga mota sannan ya hau kokawa da noti, shi ne yake girgiza ta har jak ya kauce. Ki leƙa ƙarƙashin ƙofa kusa da tayar, akwai wani ƙarfe mai tsaga biyu a gefensa, tsakaninsu kan jak yake zama. Ko'ina ban da nan, ƙarfen lanƙwashewa zai yi. In yashi ne ko damina ta jiƙa ƙasa, shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, amma ban da bulo, don fashewa yake yi ba sanarwa. Kafin ki cire tayar da ta yi facin, tura safaya kwance ƙarƙashin gefen motar. In kin cire, sai su yi musayar wuri. Ko jak ya gaza, kan taya motar za ta sauka. Hannu ko ƙafa kada su shiga ƙarƙashi ko kaɗan.

Wajen ɗaurawa, fara sa kowane noti da hannu har ya zauna, don kada haƙoransa su hau a karkace. Sauke motar, sannan ki ƙulle da wilsifana ana tsallake ɗaya, ba a jere ba. Ƙa'idar ɗaurin notin Corolla 103 Nm ce (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), wato ƙarfin hannu ya wadatar, ba sai an hau sifana da ƙafa ba. Kada a shafa wa notunan giris ko baƙin mai. Bayan kilomita 50 ki tsaya ki sake taɓa su.

Direban Tasha:
Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai abin da ya fi cin rai ba jak ba ne, motar da ke tahowa ce daga baya. Ki kunna fitilun gargaɗi tun kafin ki tsaya. Alamar nan mai kusurwa uku da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya, a ajiye ta aƙalla mita 50 a baya, a babban titi a kai 100, kuma in kusa da kwana ne a sa ta kafin kwanar. Tirela mai kaya ba ta tsayawa nan take. Yara da sauran fasinjoji su hau can gefen daji, kada su tsaya tsakanin motar da titi. In kin zuba ganye ko duwatsu a hanya, don Allah a kwashe kafin a tafi, masu babur ne suke kwana ciki.

Da dare a wurin da ba kowa, musamman in ƙusa ce kika taka, kada ki tsaya. Lallaɓa a hankali har gari ko gidan mai. Tayar za ta lalace, wataƙila har da rim, amma waɗannan ana sayen su a kasuwa.

Mai Faci:
Hajiya, siririyar safaya ta kai ki wurin gyara ce kawai. Kada a wuce gudun kilomita 80 a awa, yawanci ma an rubuta a jikinta. Iskarta 60 take sha a geji, alhali sauran tayoyin 30 zuwa 33 ne, kuma mutane da yawa sai ranar buƙata suke tarar da ita a sace. A riƙa gwada ta duk wata. Don sanin lokacin da aka ƙera taya, ki duba lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikinta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taɓa taka ta ba.

Hujin da ke kan fuskar taya, in bai wuce milimita 6 ba, yana karɓar faci. Na gefe kuwa, ko kumburi, babu gyara, kada wani ya ce zai ɗinke miki.

Sabuwar Direba:
Na gode, Allah ya saka da alheri. In notin ya ƙi kwancewa fa, ko an cire notuna amma tayar ta manne?

Bakanike:
Ki riƙa ajiye bututun ƙarfe mai tsawon kamar rabin mita a but, ki zura a hannun sifana, taya na ƙasa. Mannewa kuma tsatsa ce. Mayar da notuna biyu sako-sako, ki juya baya ki daki gefen tayar da diddige, ta wannan ɓari da wancan. In ta ƙi, sauke motar da notunan a sassauce, ki girgiza ta gefe da gefe, sannan ki sake ɗagawa.