Harshe ne ya tsaga Pakistan biyu, ko an ɗora masa laifin ne?

Malamin Tarihi: Salamu alaikum jama'a. Yau 21 ga Fabrairu, Ranar Harshen Uwa ta Duniya, wadda UNESCO ta tsayar a 1999. Asalinta a Daka ne, babban birnin Bangaladash, wadda a lokacin ita ce ɓangaren gabas na Pakistan. Ranar 21 ga Fabrairun 1952 'yan sanda suka buɗe wa ɗalibai wuta kusa da kwalejin koyon likitanci, don sun karya dokar hana taro suna neman a amince da harshen Bengali a hukumance. Ni magana ɗaya gare ni: a wannan ranar aka haifi Bangaladash, ɓallewar da ta yi daga Pakistan a 1971 raɗin suna ne kawai.

Ɗan Kwari: Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba. An ba su abin da suka nema ai. Tsarin mulkin 1956 ya sa Bengali da Urdu a matsayin harsunan ƙasa. In don harshe ne, me ya sa suka ƙara shekara 15 sannan suka ɓalle? Maganar kuɗi ce. Gabas ke noma ramar da ake saƙa buhun algarara, ita ke kawo wa ƙasar kuɗin waje, amma gine-gine da masana'antu da manyan hafsoshin soja duk suna yamma. Mutum ya ga ana cin guminsa, ko da harshen mahaifiyarsa ake masa magana sai ya yi bore.

Malamin Tarihi: Alhaji, ba su aka yi ba, ƙwata suka yi. Tun Fabrairun 1948 Dhirendranath Datta ya tashi a majalisa a Karachi ya nemi a bari a yi magana da Bengali, Firayim Minista Liyaƙat Ali Khan ya ƙi. Cikin Maris Jinnah, jagoran da ya kafa Pakistan, da kansa ya je Daka ya ce Urdu kaɗai zai zama harshen ƙasa. Da Turanci ma ya faɗa, shi da Urdun ba harshen gidansu ba ne. Alhali fiye da rabin mutanen ƙasar Bengali suke ji. Kuɗi da kan sarki da takardar aika kuɗi ta gidan waya duk Turanci da Urdu. Ka ga maganar harshen ita ce maganar abincin da kake yi: wanda ba ya jin Urdu yaya zai ci jarrabawar shiga aikin gwamnati?

Hajiya Babba: Ni fa ina ganin ba a yi wa Jinnah adalci. Ƙasa ce sabuwa fil, ɓangare biyu, tsakaninsu ƙasar Indiya kusan kilomita 1,600. Abin da ya haɗa su Musulunci ne. Urdu ba na Panjabawa ba ne, ba na Sindawa ba, ba na Pashtunawa ba, don haka aka ga kowa zai iya ɗauka ba tare da an ce wani ya fi wani ba. Kuma wanda ya fara kawo maganar a majalisa, shi Datta ɗin, Hindu ne. Ba za ka ga laifin wanda ya yi zargin akwai hannun Indiya ba.

'Yar Jami'a: Hajiya, ki yi haƙuri in ɗan sa baki. Wannan zargin shi ne ya ɓata lamarin tun farko. Ƙungiyar da ta soma fafutukar, Tamaddun Majlish, ƙungiyar raya al'adun Musulunci ce, malamin jami'a Abul Kashem ya kafa ta a 1947, ƙasa da wata guda da samun 'yanci. Ki kuma duba sunayen waɗanda aka harbe: Abul Barkat, Rafiƙuddin Ahmad, Abdul Jabbar, Abdus Salam, washegari kuma Shafi'ur Rahman. Musulmi ne, sai ga shi ana nuna musu harshensu na Hindu ne saboda baƙaƙen rubutunsa. Har aka kawo shawarar a koma rubuta Bengali da baƙaƙen Larabci.

Hajiya Babba: To meye aibin haka, 'yata? Mu ba da ajami kakanninmu suka yi rubutu ba?

'Yar Jami'a: Kakanninmu da kansu suka ɗauka, Hajiya, ba minista ne ya aiko musu daga wani gari ba. Su kuwa suna da rubutunsu na ɗaruruwan shekaru, da adabin da ya kai marubuci Tagore ga kyautar Nobel a 1913. Ka ce wa mutum ya zubar da wannan kafin ka yarda shi cikakken Musulmi ne, ai ka gama gaya masa matsayinsa.

Ɗan Kwari: Duk na ji. Amma ku amsa mini wannan. A Silchar ta jihar Assam, cikin Indiya, an harbe mutum 11 ranar 19 ga Mayun 1961 kan wannan harshe na Bengali. Sun ɓalle? Ba su ɓalle ba. Abin da ya raba Pakistan zaɓen 1970 ne. Jam'iyyar Awami ta Sheikh Mujibur Rahman ta ci kujera 167 cikin 313, rinjaye sarai, shugaban mulkin soja Yahaya Khan ya ƙi kiran majalisa, daren 25 ga Maris 1971 soja suka afka wa Daka. Da an ba Mujib mulkinsa, wa ya san ko har yau ƙasa ɗaya ce.

Malamin Tarihi: Wannan ka kawo hujja, Alhaji, zan rage kaifin maganata. Harshe kaɗai ba ya raba ƙasa. Amma tambayi kanka ta yaya jam'iyya ɗaya ta share kusan duk kujerun gabas. An taɓa gwadawa a zaɓen majalisar gabas na 1954, shekara biyu bayan harbin: haɗakar 'yan adawa ta kwashe kujera 223, jam'iyyar da ta kafa Pakistan ta tashi da abin da bai wuce goma ba. Cikin alkawuran haɗakar har da gina hasumiyar tunawa da waɗanda aka kashe, don wadda ɗalibai suka gina cikin dare ɗaya 'yan sanda sun rushe ta bayan kwana uku. Duk shekara kuma mutane na fita ba takalmi da asuba su kai furanni wurin. Shekara 18 ana wannan, Mujib ya zo ya tarar da jama'a a haɗe. Manomi bai san lissafin kuɗin waje ba, amma ya san an kashe yara don sun yi maganar da uwarsa ke yi.

Ɗan Kwari: Wato kai ka ce itace, ni na ce ashana. Na yarda da rabi.

Baban Yara: Tun ɗazu ina karantawa ban ce uffan ba. Laifi tudu ne. Da masu jin Bengali suka samu ƙasarsu, tsarin mulkin 1972 ya kira duk ɗan ƙasa Babengale. Manabendra Narayan Larma, wakilin tsaunukan Chittagong, ɗan ƙabilar Chakma, ya ce shi ba Babengale ba ne, ba a saurare shi ba. Rikicin da ya biyo baya sai 1997 aka sa hannu kan sulhu. Masu jin Urdu da suka rage kuwa, waɗanda ake kira Bihari, sun shekara da shekaru a sansanoni ba ƙasa, sai 2008 kotu ta tabbatar wa da yawansu 'yancin zama 'yan ƙasa. Malam, waɗannan a wace rana za a kai musu furanni?

Malamin Tarihi: Baba, ka kama ni a inda ban shirya ba. An kira magariba a nan, in na dawo daga masallaci mu ɗora daga kan Larma.

Hajiya Babba: A sa mu a addu'a, Malam. Ni dai har yanzu ina kan bakana game da Jinnah.