Don Allah a taimaka mani, su "of" da "with" sun hana ni kiredit a Turanci

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ni matar aure ce a Jega, shekarata 29, ɗiyana uku. Na ƙare sakandare a 2014, bayan wata huɗu anka yi mani aure. Maigidana albasa yake saye a Aliero yana kaiwa kudu, wani zubin ya yi sati uku bai kwana gida ba, ni da surukuwata da ƙannensa biyu ke cikin gidan. Ina yin zoɓo da kunun aya ana kai mani bakin kasuwa, da kuɗin nan na biya jarrabawa har sau biyu, ban roƙi kowa ko sisi ba. Duka biyun D7 na samu a Turanci. Sauran darussan duk na ci, Bayoloji ma B3, amma makarantar koyon aikin jinya ba ta duban mutum sai da C6 ko sama da haka. Maigida ya ce karo na uku shi ne na ƙarshe, in ba a dace ba in haƙura.

Na gano inda nake faɗuwa. Jimlolin nan ne da ake bar wa gurbi. "He was wrongly accused ___ theft." Na sa "with", tunda mu cewa muke an zarge shi da sata. Ashe "of" ne. Na haddace. Jiya da dare kuma sai ga "He was formally charged ___ theft", na sa "of" hankalina kwance, ashe nan "with" ake so. Wallahi sai da na rufe littafin na yi kuka. Haka "happily married", na sa "with", wai "to" ne. Na rubuta "very known" an soke.

Ina da littafin rubutu guda, kowace ƙaramar kalma da shafinta, shafin "in" daban, na "of" daban, ina bita bayan isha'i in yara sun kwanta. Shin akwai doka ne da ba a koya mana ba?

'Yar'uwa daga Bunza: Allah Ya ba da sa'a Maman yara. Amma wace za ki rubuta, WAEC ko NECO? Kuma wata nawa ya rage?

Malamin Turanci, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Malama, shekarata 17 ina koyar da wannan abu, ki saurara da kyau. Jimlar tana da kai da ciki da wutsiya. Kan shi ne bayanau, su "wrongly" da "deeply". Cikin shi ne ƙira ta uku ta aikatau, wadda kika haddace a "know, knew, known". Wutsiyar ita ce 'yar ƙaramar kalmar da ke ba ki wahala, wadda muke kira firifozishin. To cikin ne ke zaɓen wutsiya, kan ba ruwansa. Ki cire "wrongly", har yanzu "accused of" ne.

Abin da ke kayar da ke shi ne "da" ɗinmu. Bahaushe da "da" guda yake cewa an zarge shi da, an san shi da, an cika shi da. Bature kuwa ya raba: "accused of", "known for", "filled with". Duk ranar da kika fassara daga Hausa, "with" za ki sa, kuma sau da yawa za ki faɗi. Wani lokaci ma kalma ɗaya wutsiya uku gare ta, ma'ana ce ke bambanta su. "Argungu is widely known for its fishing festival", abin da aka san garin da shi ke nan. "Known as" sunan da ake kiran mutum ne. "Known to" kuma waɗanda suka san shi ne.

Batun "very": tana shiga kan waɗanda suka riga suka zama sifar yanayin mutum, "very tired", "very worried", "very interested in". Amma "known" abokinsa "well" ne ko "widely", "related" nasa "closely", "damaged" nasa "badly". Abokan tafiya ne, tare ake ɗaukar su.

Shi kuma littafin nan naki, a juye kika tsara shi. Ki ajiye shi ki soma sabo, kowane shafi cikakkiyar jimla a kan rayuwarki.

Ɗalibi daga Yauri: Anti ni dabarata, in na ga kalma mai "ed" a ƙarshe sai in sa "by" kawai. Haka wani ya koya mana a lesin.

Malamin Turanci, Birnin Kebbi: A'a yaro, kada ka ɓatar da ita. "By" mai aikin take nunawa: "accused of theft by his neighbour". Ka ga duka biyun a jimla guda, kowace da aikinta. Mu a Hausa sai mu ce "an zarge shi" mu wuce, ba mu ambaci mai zargin ba, shi ya sa wurin ke rikita yaranmu.

Malamar firamare, Zuru: Ni wallahi ba na ganin laifinta. Ajina yara sun haura 90, littafin karatu ba ya kai goma. Ni kaina wadda ta koya mana Turanci da Hausa take bayani tun daga farko har ƙarshe, mu kwafi allo mu tashi. Yanzu an dawo ana cewa ɗaliban Arewa ba sa ƙoƙari. Ga albashi sai wata ya yi nisa.

Wata 'yar'uwa: Ke dai kin yi sa'a ya bar ki har sau uku. Nawa gaban iyayena ya yi alkawarin zan ci gaba da karatu, yau shekara 11, ko fom bai taɓa saya mani ba. In na yi magana ya ce wa zai riƙe gida.

Mai tambaya: Na gode Malam, Allah Ya saka da alheri. Amma littafin nan wata bakwai na yi ina haɗa shi, kuma yana yi mani amfani. Da hadda na sauke Alƙur'ani tun ina shekara 14, na san kaina, in na maimaita abu yana zama. Ba ni da lokacin ƙirƙirar jimloli, in na zauna ƙarfe tara kafin goma barci ya ɗauke ni.

Malamin Turanci, Birnin Kebbi: Ban hana ki hadda ba Malama. Amma ko a allo, aya ake haddacewa da abin da ke gabanta da bayanta, ba a tara duk kalmomin da suka ƙare da harafi ɗaya a shafi guda. A ɗakin jarrabawa "charged" za ki gani, ba "with" ba, to daga "charged" ya kamata ƙwaƙwalwarki ta tashi. Ki nemi ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, ko a waya, yana nuna wutsiyar kowace kalma da misalinta.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu: Ƙanwata, da girmamawa ga Malam, ni ban yarda nan ne matsalarki ba. Ni ma sau biyu na rubuta. In WAEC ce, takardar zaɓi tambaya 80 ce, maki 40 kacal, irin waɗannan kuma 'yan kaɗan ne a ciki. Takarda ta biyu, insha'i da fahimta da taƙaitawa, ita ke da maki 100. Ki sayi tambayoyin baya na shekara goma, ki riƙa rubuta wasiƙa ɗaya duk sati wani ya duba maki. Ni haka na fita.

Malamin Turanci, Birnin Kebbi: Hajiya, ai a insha'in ma suna nan suna jiran ta. Maki 10 aka ware wa tsabtar rubutu, kowane kuskure ana cire rabin maki. Ta rubuta "married with" da "interested on" da ire-irensu sau 20, goman nan ta tafi.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu: Goma cikin 50 na insha'in Malam. Sauran 40 fa?

Mai tambaya: Anti, insha'i ba shi ne damuwata ba, ina cika shafi biyu ba tare da na tsaya ba. Kuma wa zai duba mani? Ƙanen maigida da ya iya yana Sakkwato sai hutu. Littafin dai ba zan yar ba, sai dai in ƙara jimloli a gefe. Malam ga wata da na gani yanzu: "The mat is made ___ palm leaves." Shafin "of" na da "made", shafin "from" ma na da "made". Wacce zan sa?

Ɗalibi daga Yauri: "From" ce Anti.

Malamar firamare, Zuru: A'a, "of" ce, tunda kabar tana nan ana ganinta a jikin tabarmar. Bari dai Malam ya dawo daga masallaci.

'Yar'uwa daga Bunza: Maman yara har yanzu ba ki faɗa mana wace jarrabawar ba ce, balle mu san kwana nawa gare ki.