Me za mu kira "downrigger" da Hausa? Ranar Alhamis zan shiga situdiyo

Bazazzagiya: Assalamu alaikum jama'a. An ba ni fassarar wani shiri da za a ɗora wa muryar Hausa, kan yadda ake su a tafkunan jihar Maine, can arewa maso gabashin Amurka. Alhamis da safe za mu naɗi murya, ga shi yau Litinin har dare ya yi, kuma wasu kalmomi sun tsaya mini a wuya.

Kifin salmon ake kamawa, amma ba irin wanda ke girma a teku ya dawo kogi ya zuba ƙwai ba. Wannan a tafki yake ƙare rayuwarsa, bai san ruwan gishiri ba. Mai son sanyi ne. Da ƙanƙara ta narke yana nan sama-sama, amma da zafin Yuli da Agusta ya ɗumama saman ruwa sai ya gangara ƙafa 30, 40, wani lokaci fiye, inda sanyi yake, inda kuma ƙananan kifin da yake ci suke. To ga abin da suke yi don su kai masa ƙugiya can ƙasa alhali jirgi yana tafiya.

A gefen jirgi akwai wata na'ura mai hannu kamar sanda da ya leƙa kan ruwa, da gammon waya ta ƙarfe da ake naɗewa da warwarewa. A ƙarshen wayar an rataya dunƙulen dalma mai nauyin laba 8 zuwa 12, wato kilo 4 ko 5. Kusa da dalmar akwai ɗan abin da ke cije zaren fatsa. Dalma ta ja zaren zuwa zurfin da ake so, kifi ya kai cafka, ɗan abin nan ya saki, sai a bar mutum da kifinsa ba nauyin komai a tsakani. Na'urar ita ce downrigger. Dalmar suna ce mata cannonball. Sannan akwai wasu faifayen ƙarfe masu ƙyalli da ake sa wa gaban ƙugiya don su jawo kifi, attractor ke nan. Shi kansa wannan salon kamun kifin kuma trolling. Don Allah a taimaka, ba na son in karanta Turanci a bakin Hausa.

Ɗan Sarkawa: Wa alaikumus salam. Ta dalma dai ba ta da wuya, Hajiya. Mu a Yawuri abin da muke dasawa a bakin birgi don ya nutse darma sunansa, ko yaro ya sani. Tunda wannan a dunƙule take, ki ce curin darma. Trolling kuma kada ki yarda ki ce jan taru, taru daban. Ƙugiya ce ake ja a bayan jirgi, to jan ƙugiya ke nan.

Na-Maraɗi: Na goyi bayan jan ƙugiya. Na taɓa jin an fassara shi da jan koma a wani shiri, mai fassarar ya haɗa shi da wata kalmar Turanci mai kama da shi wadda ke nufin jan raga. Ga na'urar kuwa, me zai hana a ce danriga kawai? Haka muka sami mota da rediyo da kwamfuta.

Bazazzagiya: Na gwada faɗinsa da ƙarfi, Malam. A kunne "ɗan riga" yake fita. Mai sauraro zai zaci tufa ake magana.

Malamin Nahawu: Alhamdu lillahi da kunne ya ƙi shi, don ni ko bai yi kama da riga ba ba zan karɓa ba. Hausa tana da hanyarta ta haifar da sunan kayan aiki, ma- a gaba, -i a baya: buɗe ya ba mu mabuɗi, girbe ya ba mu magirbi, auna ya ba mu ma'auni. Me wannan na'ura take yi? Zura abu take cikin ruwa mai zurfi da igiya, daidai yadda ake zura guga a rijiya. Saboda haka sunanta MAZURI. Jam'i mazurai. An gama.

Yar Kasuwar Kurmi: Allah ya gafarta Malam, ba ka ganin zai rikice da mazurari? Ni da na karanta, abin ɗura mai a kwalba ne ya zo mini.

Malamin Nahawu: Mazurari daga zurara yake, mazuri daga zura. Wanda ya san harshe ba zai haɗa su ba.

Yar Kasuwar Kurmi: Ai ba a allo za a rubuta ba, Malam, a talabijin za a ji shi sau ɗaya ya wuce. Gaɓa ɗaya ce tsakaninsu.

Baƙon Portland: Sannunku. Ina karatu a nan Maine, kuma bara wani abokin aikina ya fita da ni tafkin Sebago a watan Agusta, don haka bari in faɗi abin da ido ya gani, wataƙila ya taimaka wajen zaɓen kalma.

Mun fita tun kafin rana ta ɓullo. Jirgin tafiyar hawainiya yake, wajen mil 2 a awa. Ya saki zaren fatsa ya yi nisa a bayan jirgi, ya maƙala shi a bakin ɗan abin nan, sannan ya sauke dalmar yana kallon wani ɗan agogo da ke ƙirga ƙafa nawa waya ta fita. Da ta kai inda yake so, sai ya ɗaure sandar fatsar a mazauninta ya ja zaren har sandar ta lanƙwashe kamar baka. Wayar nan kuma tana wani irin kuka siriri cikin ruwa, kamar tsarkiyar goge. Muna zaune muna shan shayi kawai sai sandar ta miƙe fat! Ya ce mini alamar ke nan, kifi ya fizge zaren daga maƙalin. Ga kifin kuma ya yi tsalle sama da ruwa, fari fat kamar azurfa.

Abin da ya ba ni mamaki, lambar da agogon ke nunawa ba ita ce ainihin zurfin ba. Ruwa yana tura dalmar baya, waya ta karkace, sai ka ga an saki ƙafa 50 amma dalmar ba ta kai can ba. Shi ya sa in za a yi zurfi ko a ƙara gudu ake sa mai nauyi. Kuma ba duka ce dunƙulalliya ba: akwai mai faɗi kamar waina, akwai mai siffar kifi, duk don su yanki ruwa. To curi zai ɗan yi mana ƙaranci.

Ɗan Sarkawa: Madalla da wannan bayani. In haka ne a bar curin, a ce darma kawai, in an zo kan siffa a faɗa. Shi kuma ɗan abin da ke cijewa ya saki, ni kunama ya tuna mini, irin ta bindiga ko ta tarko: a ɗane take, ana taɓawa ta saki.

Bazazzagiya: Kunama! Wallahi ta zauna. Na rubuta.

Malamin Nahawu: Kunama ba laifi, kunamar mazuri ke nan. Ga attractor kuma, ƙa'ida ɗaya ce. Janyo kifi yake, sai mu ce majanyi.

Yar Kasuwar Kurmi: Haba Malam, majanyi ai na goyo ne. Duk uwar da ta ji an ce an ɗaura majanyi a gaban ƙugiya sai ta riƙe baki.

Malamin Nahawu: To na janye wannan. Amma mazuri yana nan daram.

Baƙon Portland: Attractor ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai dodger, faifai ɗaya da ke rangaji dama da hagu, yana fizgar ƙugiyar da ke bayansa har ta yi kamar kifi mai rauni. Akwai flasher, shi juyawa yake gaba ɗaya. Akwai kuma jerin ƙananan faifaye a kan waya ɗaya, kowane yana wulwulawa, daga nesa sai ka ce garken ƙananan kifi ne. Babban abincin salmon ɗin nan wani siririn kifi ne mai sheƙi da ake kira smelt, shi ake kwaikwayo. Faifayen ba su da ƙugiya a jikinsu, kira kawai suke, ƙugiyar tana baya.

Na-Maraɗi: To ƙyalli. Ƙyalli mai rangaji, ƙyalli mai juyi, jerin ƙyalli. Ba sai an ƙera sabuwar kalma ba.

Malamin Nahawu: Wannan ai bayani ne, ba suna ba. Matsalarmu ke nan. Kullum sai mu yi ta zagaye da "mai kaza, mai kaza", har jimla ta yi tsawon igiyar rijiya, sannan a ce Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya. Bature ya ce kalma ɗaya, mu mu ce biyar. Ni abin yana ci mini rai. Shekara nawa muna koyar da tsirar kalma a aji, amma in an zo aiki sai kowa ya gudu ya ɗauko aro ko ya yi dogon zance. Kuma tun ɗazu ina gani ana rubuta darma. Dalma ce a daidaitacciyar Hausa.

Ɗan Sarkawa: Malam, da girmanka, amma a nan ban yarda ba. Kakana da darma ya yi birgi, ubana ma haka, tun kafin a datse Kainji a 1968. Mu ne muke narka ta, mu ne take ƙona wa yatsa. Don Kano ta ce dalma ba shi ne ya sa tamu ta zama kuskure ba. In maganar fatauci ce a tambayi Kano. Maganar ruwa kuwa a zo Yawuri da Argungu.

Na-Maraɗi: Ka faɗi gaskiya. Mu ma nan kullum ana mayar da Hausarmu kamar ta ƙauye, alhali shirin nan har Maraɗi da Damagaram za a kalle shi. Ko sunan kifin ma, mu da muka yi boko da Faransanci somon muke ji, ku kuna rubuta salmon.

Yar Kasuwar Kurmi: Don Allah kada a jawo Kano cikin wannan. Ni Bakanuwa ce kuma duka biyun ina ji a kasuwa. Ba wanda ya taɓa kasa sayen abu don ya ce darma.

Malamin Nahawu: Ban raina kowa ba. Cewa na yi rubutu yana da ƙa'ida, in ba haka ba kowane gari ya buga nasa ƙamus. Shi ma salmon ɗin, me ya hana mu ba shi suna? Muna da giwan ruwa, muna da ragon ruwa.

Ɗan Sarkawa: Waɗannan kifinmu ne, mun kama su mun ci, shi ya sa muka raɗa musu suna. Kifin da bai taɓa shiga komarka ba, ka bar shi da sunan da masu shi suka ba shi.

Baƙon Portland: Su kansu masu shi ba su haɗu kan suna ɗaya ba. A Kebek ta Kanada, wajen tafkin Saint-Jean, ouananiche suke ce masa. A Maine kuwa alfahari suke da shi sosai, tun 1969 suka ayyana shi kifin jiharsu, kuma har yau suna ba da labarin wanda aka kama a Sebago a 1907 mai laba 22 da rabi. Tafkin zurfinsa ya kai ƙafa 316. Ina ga "salmon na tafki" ya isa, tunda abin da ya raba shi da ɗan'uwansa ke nan.

Bazazzagiya: Jama'a ku yi haƙuri, dare na yi, kuma har yanzu babbar kalmar ba ta samu ba. Na ƙirga, sau 14 take fitowa a rubutun. In na ce "na'urar da ke saukar da ƙugiya zuwa zurfin ruwa" sau 14, hoto zai wuce ni ina baya, don daƙiƙa uku ko huɗu kawai nake da su a wasu wuraren. A nan kam Malam yana da gaskiya, ina bukatar gajeriyar kalma. Amma ina son in masunci a Yawuri ya ji, ya gane ba tare da an tsaya yi masa tafsiri ba.

Ɗan Sarkawa: To ki ce kai-ƙasa. Kamar yadda muke da dafa-duka da hana-salla. Aikinsa ke nan, ya kai ƙugiya ƙasa.

Na-Maraɗi: Kai-ƙasa a kunnena kokawa ce.

Yar Kasuwar Kurmi: Ni fa yanzu da na maimaita mazuri sau da yawa ya fara zama a bakina. In aka haɗa shi da darma, "mazurin darma", ba mai tunanin mazurari kuma, don ba a ɗura darma a kwalba.

Malamin Nahawu: Mazurin dalma.

Ɗan Sarkawa: Darma, Malam.

Bazazzagiya: Ga abin da zan yi. A karon farko, lokacin da aka nuno na'urar kusa, ina da sarari, zan ce: "Wannan shi ne mazurin darma, na'urar da ke zura darma da waya kamar guga a rijiya, ta kai ƙugiya inda kifi yake." Daga nan sai in riƙa cewa mazuri. Darma zan ce, Malam ka yafe ni, don bakin masunta nake so a ji a shirin su. Kunama ta shiga, jan ƙugiya ya shiga, salmon na tafki ya shiga. Ƙyalli mai rangaji da mai juyi ban gamsu da su sosai ba, sun yi tsawo, amma su zan riƙe in ba a sami wasu ba kafin Laraba da dare. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Malamin Nahawu: Amin. Na karɓa, ko da yake da "darma" ɗin a maƙale mini. Ki tabbata mai karantawa ya ja wasalin ƙarshe, mazurii, kamar mabuɗi, kada ya datse shi. Na faifan nan mai rangaji kuma ina nan ina tunani, zan dawo gobe in Allah ya kai mu.

Ɗan Sarkawa: Ni dai in na je bakin ruwa kai-ƙasa zan ce musu. Hajiya, ki sanar da mu ranar da za a saka shirin.