Wace kalma za mu ba "white elephant" a Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina neman ku sa mini hannu a kan wani salon maganar Turanci da ba ya ɓacewa a jaridun Najeriya, musamman in lokacin kasafin kuɗi ya zo: white elephant. Sai ka ji an ce filin jirgi kaza white elephant ne, ko masana'anta kaza, wato abu ne mai cin kuɗi da yawa ba wani amfani. 'Yan'uwanmu na Nijar ma suna cin karo da shi a Faransanci, éléphant blanc, kuma ma'anar ɗaya ce. Masu fassara da yawa "farar giwa" suke rubutawa su wuce. Ni ban yarda da wannan ba.

Giwa a bakin Bahaushe girma ce. Maroƙi in zai kambama basarake sai ya kira shi toron giwa, in babban mutum ya rasu a ce giwa ta faɗi. Fari kuwa, in ka ɗebe farar ƙafa, kusan duk inda ya fito alheri ne: farin jini, farin ciki, farar aniya. To manomin da ya kunna rediyo ya ji an ce gwamna ya gina farar giwa, me zai ɗauka? Yabo. Alhali wanda ya rubuta maganar da Turanci suka yake yi, suka mai zafi ma. Fassarar da ta mayar da suka yabo ta cuci mai sauraro, ta kuma cuci mai maganar.

Bari mu koma inda maganar ta fito, don a nan ma'anarta take.

A ƙasashen Siyam da Bama, wato Tailan da Myanmar na yau, akan samu giwa jefi-jefi mai hasken fata. Ba fara fat ba ce, launinta ya fi kama da jar ƙasa mai haske. Mabiya addinin Buda suna girmama ta, domin a ruwayarsu mahaifiyar Buda ta ga farar giwa a mafarki kafin ta haife shi. Duk inda aka kama irinta, ta sarki ce. Ba a ɗora mata kaya, ba a sa ta jan gungume kamar sauran giwaye. Ana gina mata rumfa, a ɗauki masu hidimarta, a yi ta ciyar da ita, kuma giwa tana iya cin ganye da ciyawa kilo 150 a yini guda. Darajarta ta kai an yi yaƙi da sunanta: a 1563 sarkin Bama, Bayinnaung, ya nemi sarkin Ayutthaya, wato masarautar Siyam ta wancan zamani, ya ba shi fararen giwaye biyu, aka hana shi, ya ɗauro yaƙi. A 1861 Sarki Mongkut na Siyam ya kafa lambar girmamawa mai sunan farar giwa, kuma tsohuwar tutar ƙasar hoton farar giwa ne a kan jan ƙyalle, kafin tuta mai ratsi-ratsi ta yanzu da aka fara amfani da ita a 1917.

Turawa kuma suka yaɗa labarin cewa in sarkin Siyam yana son ya karya wani bafade, sai ya ba shi kyautar farar giwa. Ba shi da ikon ƙin karɓa, ba shi da ikon sayarwa, ba shi da ikon sa ta aiki, sai ciyarwa har dukiyarsa ta ƙare. Labarin baka ne ya fi ƙarfi a nan, amma a kansa ma'anar Turancin ta tsaya. A 1884 kuma Ba'amurken nan mai wasan nuna dabbobi, Barnum, ya kawo wata daga Bama aka nuna ta a gidan namun daji na Landan, mutane suka yi cincirindo, suka tarar da giwa mai launin toka da 'yan dabbare-dabbare, suka koma suna tsaki.

Wanda ya san sha'anin barga zai gane abin nan da nan. Sarki ya ba talaka ingarman doki. Girma ne, garin duka za a ji. Amma ga dawa kullum, ga harawa, ga kanwa, ga yaron da zai yi kiwo, kuma kunya ba za ta bar shi ya kai kyautar sarki kasuwa ba.

Saboda haka kalmar da muke nema dole ta ɗauki abin da ya ci kuɗi da yawa, wanda har gobe yana ci, amfaninsa bai taka kara ya karya ba, kuma rabuwa da shi ta gagara. Misali sananne shi ne filin jirgin saman Mirabel na birnin Montreal a Kanada. An buɗe shi a 1975 da burin ya zama ɗaya daga cikin manyan filayen jirgi na duniya, amma ya yi wa gari nisa, fasinjoji da kamfanoni suka guje shi. A 2004 jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga can, aka yi shekara goma ana kashe kuɗin kula da ginin da ba kowa, kafin a fara rushe shi a 2014. A gida kuwa, wanda jaridu suka fi liƙa wa sunan shi ne kamfanin ƙarafa na Ajakuta a Jihar Kogi, wanda aka fara ginawa a 1979 tare da Tarayyar Sobiyat. Har yau bai kai ga narka tama ya fitar da ƙarfe yadda aka tsara ba, amma duk shekara sai an ware masa biliyoyin naira a kasafi, akasari na albashi.

Na gode da amsoshin da suka shigo. Bari in bi su.

Malama, kin kawo "aikin baban giwa", kuma mutane da dama sun mara miki baya. Na ga abin da ya ja hankali: ga giwa can, ga giwa nan, kamar an auna. Amma ki duba yadda muke faɗarsa. In mutum ya wuni yana cike takardu aka ce an rufe karɓa tun jiya, shi ne ya yi aikin baban giwa. Wahala ce da ta tafi a banza, ta kuma wuce. White elephant ba ya wucewa. Yana nan tsaye, ana biyan masu gadinsa, ana biyan kuɗin wutarsa. Ina jin tsoron kamannin dabbar ne ke ruɗar mu, ba kamannin ma'ana ba. Duk da haka in ana maganar gumin da aka zuba wajen ginin, kalmarki ta zauna daram.

"Kyan ɗan maciji" da ƙanena ya kawo bai shiga ba. Wannan abu ne mai kyau a ido mai cutarwa in an taɓa. Namu ba ya sara, ci kawai yake.

Baba, Allah ya ƙara girma, na daɗe ina juya naka: "ƙadangaren bakin tulu". A kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Wannan ya kama wani gefe da sauran ba su kama ba, wato tsaka-mai-wuyar da gwamnati ke shiga. In ta rufe masana'antar a ce ta zubar da abin da aka kashe shekara da shekaru, ta kori ma'aikata. In ta bari, kuɗin da ya kamata ya tafi asibiti da makaranta ya ci gaba da zurarewa. Inda ya gaza shi ne ba ya nuna girma ko tsada. Ɗan uwanka mai ɗauke-ɗauke ma ƙadangaren bakin tulu ne, kuma ba a kashe biliyan a kansa ba. Haka "ƙarfen ƙafa" da "alaƙaƙai": sun faɗi cewa rabuwa ta gagara, sun yi shiru a kan ci.

Wani ya ce a rubuta "aikin da aka yi watsi da shi" a huta. A'a, wannan wani abu ne daban, kuma haɗa su yana ɓata labari. Titin da ɗan kwangila ya fara ya gudu, an yi watsi da shi. White elephant kuwa sau da yawa an gama shi, an yanka zare, an yi biki. Dubi filin ƙwallon birnin Manaus a Birazil da aka gina don gasar cin kofin duniya ta 2014. An kammala shi tsaf, an buga wasa huɗu na gasar a ciki, daga nan aka bar garin da fili mai cin mutum fiye da dubu 40 alhali ƙungiyoyin garin ba kasafai suke tara ko kusa da haka ba. Ba wanda ya yi watsi da shi. Riƙe shi ne ma matsalar.

Wadda ta kwanta mini ita ce ta yayarmu da ta rubuto daga Damagaram: "cima-zaune". Yaya, kin yi dabara. Kalma ce da kowa ya sani, daga Sakkwato har Zongon Kumasi, kuma ba mai jin ta ya ɗauka yabo ne. A cikinta akwai ci, akwai zama ba aiki, akwai kuma wanda ake ci a jikinsa. Har rashin rabuwar ma yana ciki, don cima-zaune a gida yake, naka ne, shi ya sa korarsa ke da wuya. Ainihin giwar Siyam ke nan.

An yi ƙorafin cewa mutum ake kira cima-zaune, ba gini ba. Gaskiya ne a yadda aka saba, amma harshenmu bai taɓa jin nauyin ba abu baki ba. Muna cewa mota tana shan mai, gini ya ci siminti, shari'a ta cinye gona. In gini yana ci, to zai iya ci a zaune. Abin da ya rage shi ne girma, kuma wannan kalma ɗaya ce za ta cike shi: a sa "katafaren" ko "makeken" a gaba, kamar yadda 'yan jarida suka riga suka saba.

Ga yadda zai fito a labari: "Masu suka sun ce sabon filin jirgin zai zama cima-zaune." Ko kuma: "'Yan majalisa sun nemi a daina zuba kuɗi a katafaren ayyukan cima-zaune." In mai magana yana jaddada cewa an rasa yadda za a yi da abin ne, mai fassara na iya ƙarawa da cewa ya zame wa gwamnati ƙarfen ƙafa. In kuwa giwar gaske ake nufi, irin waɗanda har yau ake ajiye da su a rumfuna a Naypyidaw babban birnin Myanmar, a nan ne kaɗai "farar giwa" ke da gurbi.

A kan wannan na tsaya, kuma shi zan riƙa rubutawa. Masu aiki a gidajen rediyo, ku gwada shi a labaran wannan mako, ku gaya mana yadda masu kiran waya suka karɓe shi, musamman mutanen karkara.