Filash ko memori ya ƙi karɓar komai, ya ƙi goguwa: wa ya taɓa warware wannan?

Mai shagon tura karatu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a memori da filash. Kwanan nan ana yawan kawo mini masu ciwo iri ɗaya: abin da ke ciki yana buɗuwa lafiya lau, amma ba a iya ƙara komai, ba a iya goge komai, fomatin ma ya ƙi. Kwamfuta sai ta ce "The disk is write-protected", wato an kulle shi, ba a iya rubuta komai a kansa. Wasu na taɓa su sun buɗe, wasu ko gezau, kuma ban gane me ya raba su ba. Don Allah wanda abin ya taɓa samunsa ya faɗi yadda ya yi da hannunsa, ban da ji-ta-ji-ta.

Mai ɗaukar hoton biki:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka shiga dogon bincike ka duba gefen hagu na katin, idan babban SD ne irin na kyamara. Akwai ɗan maɓallin roba da ke zamewa sama da ƙasa. In ya sauka ƙasa wajen da aka rubuta Lock, an kulle ke nan. Nawa ya yi mini haka ana tsaka da kamu, kyamara ta ƙi ɗauka, mata sun jeru suna jira. Na tura shi sama, na mayar, ya sake ƙi. Ashe maɓallin ne ya saki, duk sanda na cusa katin sai bakin ramin ya goge shi ya koma ƙasa. Ɗan siririn salatif na liƙa masa ya tsaya a sama, har aka tashi daga bikin bai sake ba.

Wani mai gyaran kyamara ne ya faɗa mini daga baya cewa wannan maɓallin ba a haɗe yake da komai a cikin katin ba. Wani ɗan ƙarfe ne a cikin ramin kyamara ko na kadrida (na'urar da ake soka wa kati don kwamfuta ta karanta shi) yake taɓa wurin, shi ke gaya wa na'urar ta rubuta ko kar ta rubuta. Saboda haka in ƙarfen ya lanƙwashe, duk katin da ka sa zai nuna a kulle yake. Ƙaramin memori na waya shi ba shi da maɓalli ko kaɗan, adaftar da ake sa shi ciki ce ke da shi. Canza adafta, canza kadrida, kafin ka ɗora wa katin laifi.

Ɗan kafe:
Ni filash ne nawa, kuma babu wani maɓalli a jikinsa. Abin da ya yi mini aiki a Windows shi ne diskpart, manhajar sarrafa faifai da ke cikinta. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, da ikon admin, ka rubuta diskpart, sai list disk. Zai jero maka duk faifan da ke jikin kwamfutar da girmansu. Ka gane naka ta girmansa, sai select disk da lambarsa, sannan attributes disk clear readonly. Ka cire, ka mayar.

Amma Yaya ka buɗe ido wajen lambar nan. Disk 0 galibi shi ne faifan kwamfutar kanta. Umarnin cire kullen ba ya goge komai, sai dai mutane da yawa suna bin sa da clean, kuma clean ba ya tambayarka ko ka tabbata, share tsarin faifan kawai yake yi. Na ga yaron shago ya goge aikin ubangidansa ta haka.

Ga abin da ya fi amfanata: kafin ka cire komai, rubuta attributes disk kaɗai. Layi biyu na farko su ne labarin. In Read-only ya ce Yes, Windows ce ta sa alamar, kuma umarnin zai cire ta. In kuwa Read-only ya ce No amma Current Read-only State ya ce Yes, to kullen ba daga nan yake ba. Za ka buga umarnin, ya ce maka an yi nasara, ka koma ka tarar da filash yadda ka bar shi.

Malamar kwamfuta:
Nawa labarin daban ne. A ɗakin kwamfutar makarantarmu akwai wata guda ɗaya da duk filash ɗin da aka soka mata sai ta ce a kulle yake, alhali a ta kusa da ita yana aiki. Nan na gane ciwon na kwamfutar ne. Na shiga regedit, wato wurin gyara saitin Windows na can ciki, na bi HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control har StorageDevicePolicies, na tarar WriteProtect yana kan 1. Na mayar da shi 0, na kashe na kunna, shi ke nan. Wannan saitin tun Windows XP Service Pack 2 na 2004 yake, kuma a yawancin kwamfutoci ba za ka ga ma wurin ba sai in wani ya ƙirƙira shi. In babu shi, kar ka wahalar da kanka, matsalarka ba can take ba.

Sai dai in kwamfutar ofis ce, ku yi hattara. Ma'aikatu da bankuna da gangan suke hana rubutu a filash ta Group Policy, wato dokokin da mai kula da kwamfutoci ke sa musu, don kar a fita da bayanai, wasu kuma sai an rufe filash ɗin da BitLocker, manhajar Windows mai ɓoye bayanai da kalmar sirri, sannan a yarda ya karɓa. Wannan ba lalacewa ba ce, doka ce. Ka je wurin mai kula da kwamfutocin, kar ka jawo wa kanka takardar tuhuma a kan fayil ɗaya.

Mai shagon tura karatu:
Na gode Malama. Na gwada na Ɗan kafe a kan guda biyu da ke hannuna yanzu. Ɗaya ya buɗe. Ɗayan kuwa daidai yadda ya faɗa, Current Read-only State ya ce Yes, Read-only ya ce No, kuma na kai shi laftof ɗin maƙwabcina, duk ɗaya.

Tsohon mai gyara:
To wannan na biyun, ɗana, ka daina yi masa fomatin, ka kwashe abin da ke ciki tun yana buɗuwa. Yau, ba gobe ba.

Bari in faɗa muku abin da na daɗe ina gani a kan teburina. Cikin kowane filash da memori akwai abu biyu: ma'ajiyar da bayanai ke kwance, da ɗan ƙaramin kwantirola mai tafiyar da ita. Ma'ajiyar tana da iyakar sau nawa za a rubuta a goge a kowane gurbi. Kamfani yakan ware wasu gurabe na ko-ta-kwana, in wani ya mutu kwantirola ya ɗauko daga ciki ya maye. Ranar da na ko-ta-kwanan suka ƙare, ko ya ga kurakurai sun yi yawa, ko wuta ta yanke masa yana tsaka da rubutu har lissafinsa ya rikice, sai ya rufe ƙofar rubutu ya bar ta karatu. Da gangan aka yi shi haka don ka samu ka tsira da kayanka. Wannan kullen a cikin filash ɗin yake, Windows ba ta da mabuɗinsa, shi ya sa diskpart da regedit duk ba sa taɓa shi.

Memorin waya kuma yana da wata sigar da ke ruɗa mutane. Ba zai ce maka a kulle yake ba. Za ka goge hotuna, ya nuna sun tafi. Za ka yi fomatin, ya ce an gama. Ka cire ka mayar, ga su nan duk sun dawo, sababbin da ka tura kuma babu su. Wata Hajiya ta kawo mini irinsa tana cewa aljanu ne a wayarta. Na ce Hajiya, katin ne ya tsufa.

Kuma ga abin da ba na jin ana faɗa. Katin da ya kulle haka ba ya goguwa, ma'ana duk hotunan iyali da takardun da ke ciki suna nan daram ga duk wanda ya tsince shi. Kar a jefa shi kwandon shara haka nan, kar a bar wa mai shago. In an gama kwashewa a sa filaya a karya shi. Mai niyyar mayar wa kamfani don garanti ma ya fara tuna abin da ke ciki.

Ɗalibin injiniya:
Baba, da girmanka, amma ni na taɓa tayar da irin wannan. Na sa wata manhaja, ChipGenius, ta nuna mini kwantirolan da ke ciki, na nemo manhajar da masana'anta ke amfani da ita wajen tsara shi tun farko. Kowane kamfanin kwantirola da tasa, Phison da tasa, Alcor da tasa, Silicon Motion da tasa. Ta sake tsara shi daga tushe, ta ware guraben da suka mutu, ya dawo yana karɓar rubutu. Komai na ciki ya tafi, girmansa ma ya ɗan ragu, amma yana aiki.

Tsohon mai gyara:
Ban musa ba, ni ma na yi. Sai dai faɗa musu sauran: in ka ɗauko manhajar da ba ta dace da kwantirolan ba, filash ɗin zai iya mutuwa gaba ɗaya, kuma shafukan da ake samo su cike suke da bairos. Hanyar ta filash ce, ba ta memorin waya ba. Sannan wanda aka tayar ɗin, za ka zuba masa furojet ɗinka kwafi ɗaya tak?

Ɗalibin injiniya:
A'a Baba, fim nake sa masa.

Direban doguwar tafiya:
Ni dai nawa jabu ne. A tasha na saya, an rubuta giga 64, kuɗinsa bai kai na giga 8 na kirki ba, na ce na yi tsintuwa. Da farko yana karɓa. Da na cika shi da karatu sai fayilolin baya suka ƙi buɗuwa, daga nan ya kulle. Akwai wani filash irinsa da muka saya tare, ƙanena ya gwada shi da wata manhaja, H2testw, wadda ke cika shi da bayanai ta sake karantawa. Abin da ya iya riƙewa da gaske bai kai giga 8 ba, sauran duk ƙarya ce aka rubuta wa kwantirola. Araha ba ta ado. Malam mai shago, ka riƙa tambayar masu kawo maka a ina suka saya.

Mai haɗa bidiyo:
Masu Mac kar ku firgita. In filash yana kan tsarin ajiye fayiloli na Windows da ake kira NTFS, Mac tana karanta shi amma ba ta rubutu a kai, haka aka yi ta. Lafiyarsa ƙalau. Na kwashe kayana, na yi masa fomatin zuwa wani tsarin, exFAT, yanzu yana shiga Mac yana shiga Windows. Wani kuma da ake ɗauka kulle ne: filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da sarari ya yi yawa. Ƙananan fayiloli za su shiga, babban bidiyo ya ƙi.

Katin SD kuma ni da manhajar SD Memory Card Formatter ta ƙungiyar SD Association nake yi masa, kyauta ce. Amma ita ma in katin ya kulle daga ciki za ta ce maka ba za ta iya ba.

Mai sa kyamarar tsaro:
Abin da Baba ya faɗa shi nake gani kullum a wajen aiki. Kyamarar gida da ta mota dare da rana suke rubutu suna gogewa, memorin waya na yau da kullum ba ya jure wannan, sai ya kulle, mai gida bai sani ba. Ranar da aka yi sata a zo dubawa, a tarar hoton ƙarshe na watannin baya ne. Yanzu katin da aka rubuta High Endurance a jikinsa kawai nake sa wa kwastoma, kuma ina ce musu duk wata su buɗe su duba ko akwai hoton jiya.

A Linux kuma, ga masu amfani da ita, wani lokacin tsarin ne ke mayar da filash karatu kaɗai in ya ga tsarin fayilolin ya rikice, musamman wanda aka fizge ba a yi eject ba. Wannan umarnin fsck na gyara shi, a Windows kuma umarnin chkdsk. In ka duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin, bayan ka soka shi ka ga "Write Protect is on" alhali babu maɓalli a jikinsa, filash ɗin ne da kansa ya faɗi haka, sai ka bi maganar Baba ka kwashe kayanka.