Jinina ya hau da cikin fari, yanzu an ce zuciyata na cikin haɗari

Maman Ilham: Salam 'yan uwa, daga Pantami a Gombe nake. Wata huɗu ke nan da aka yi min aiki aka ciro yarinya a sati 34, saboda jinina ya hau, ƙafafuna suka kumbura, aka ce jijjiga na gab da kama ni. Bayan sallama Hajiyar maigidana ta ɗauke ni jego, ita ta yi komai, wanka safe da yamma, kunun kanwa, har ragon suna ita ta saya don a lokacin shi yana Kaltungo. Na daina shan maganin bayan arba'in tunda na ji garau. Jiya wata ta ce min mai irin wannan ciwon zuciya ke kashe ta. Ko barci ban yi ba.

Sista Hauwa: Maman Ilham, nawa jinin yake yanzu, kuma wane magani kika bari? Nan ne zancen yake. Wadda ta faɗa miki ta tsorata ki, amma maganar tana da tushe. Macen da ta yi hawan jinin ciki mai zubar da furotin a fitsari, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yakan ninka mata kamar sau biyu nan gaba, na hawan jini mai ɗorewa sau uku zuwa huɗu. Wadda aka ciro wa ɗa kafin lokaci nata ya fi. Ki auna jinin kwana bakwai, safe da yamma, a zaune bayan hutun minti biyar, ki rubuta. In yana kai 140/90 bayan sati 12 da haihuwa, ya tashi daga na ciki. A duba fitsari, ƙoda, siga da kitsen jini, sannan awo duk shekara.

Baban Sadik: 'Yar uwa, ki koma kan maganinki yau, ki haɗa da asfirin 75 kullum. Abin da ke ba ni haushi, mutum ya ji sauƙi sai ya watsar, sannan ya je kemis a ba shi diclofenac na ciwon baya, shi kuwa ƙara hawan jini yake yi yana taɓa ƙoda.

Sista Hauwa: Baban Sadik, zancen diclofenac gaskiya ne, sauran a'a. In maganin da ta bari methyldopa ne, ba a son ci gaba da shi bayan haihuwa, akan mayar da mai shayarwa kan nifedipine, amlodipine ko enalapril. Asfirin kuma na ciki na gaba ne, daga sati 12, likita ya rubuta. Kuma mai shan enalapril sai an canza mata kafin ta ɗauki wani cikin.

Maman Ilham: Sunan maganin na manta, fari ne ƙarami. Ni fa ba sakaci na yi ba, Sista. Kaina ba ya ciwo, ina shan zoɓo ba siga. Kunun ma Hajiya don ruwan nono take ba ni, ba zan iya ce mata a'a ba. Haki kawai nake yi in na kwanta, sai na ƙara filo.

Anti Jummai: Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Gishirin yini kada ya wuce giram 5, ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙule. Amma a gidajenmu wa ya isa ya gaya wa tsohuwa?

Sista Hauwa: Tsaya, ƙanwata. Haki a kwance wata huɗu da haihuwa ba na jiran kwana bakwai ba ne. Akwai raunin tsokar zuciya na masu jego, ya yi yawa a Arewa, kuma hawan jinin ciki na cikin abin da ke jawo shi. Gobe ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya a yi miki eko, hoton zuciya. Kina tarin dare? Ƙafar ta sake kumbura?

Maman Ilham: Ƙafar kaɗan ne, ina ga zama ne. Bari maigidana ya dawo ranar Juma'a mu yi magana.